Wanda ya ƙona datarsa yana da bakin magana a kan fim

Daren Asabar ɗin da ta wuce ina zaune teburin mai shayi a wajen Wunti cikin garin Bauchi ana hirar finafinai kamar kullum, sai wani yaro ɗan makaranta ya ce shi kam ya daina bin wani fim mai dogon zango da ake sakewa duk mako a YouTube, wai kashi nawa a jere babu abin da ya faru, daga zaman falo sai buga waya sai a nuno mota tana shiga get. Bai rufe baki ba aka taso masa. Wani ya ce hassada ce, wani ya ce to kai yi naka mu gani mana, wani dattijo kuma ya ce haba ɗan nan, mutane suna neman abincinsu kana kushe musu sana'a. Yaron ya ja bakinsa ya yi shiru.

Abin ya ba ni haushi sosai, don ba a jima ba a teburin nan aka gama yi wa wani fim ɗin Indiya kaca-kaca ana cewa ƙaryarsa ta yi yawa, kuma babu wanda ya kira hakan hassada. Na waje kowa alƙali ne a kansa, namu na gida kuwa sai dai a yaba ko a yi gum.

Matsayata a fili take. Duk wanda ya sayi data da kuɗinsa, ya zauna ya ba fim awa ɗaya ko biyu, yana da haƙƙin ya ce ya yi kyau ko bai yi ba, a gajarce, ba sai ya nemi izinin kowa ba. Kuma ina ganin wannan shirun da muke tilasta wa juna ya fi rashin kuɗi cutar da finafinanmu. Bari in faɗi nawa ra'ayin a kan waɗanda na kalla, na waje da na gida da ma'auni ɗaya, sai mu zo kan ƙorafin da aka saba yi.

Indiya tukuna, don da su muka tashi

Iyayenmu ba sa jin Indiyanci amma sun haddace waƙoƙinsu tun zamanin silima, tun kafin a san za a yi wata aba wai ita Kannywood. Saboda haka mun san su ciki da bai.

Wanda nake sawa a gaba shi ne Taare Zameen Par na 2007, labarin yaron da haruffa ke rikice masa a ido, gida da makaranta kowa na kallonsa a matsayin daƙiƙi, har Allah ya haɗa shi da malami ɗaya da ya gane matsalar. Wallahi duk malamin firamare a jihar nan ya kamata ya kalle shi, da duk uban da yake ganin bulala ce maganin yaron da karatu ya ƙi shiga kansa. Muna da irin yaran nan a kowace unguwa, ana ta dukansu a banza.

3 Idiots yana da daɗi kuma maganarsa a kan tilasta wa yaro karatun da ba ya so gaskiya ce, amma wajen da ɗalibai suka karɓi haihuwa da injin zuƙe ƙura da batirin mota an wuce gona da iri, fim ɗin bai buƙaci wannan ba. Dangal kuwa kokawar cikinsa ta yi, sai dai raina bai kwanta da uban ba. Burinsa ne da bai cika ba ya ɗora wa 'ya'yansa mata da ƙarfin tsiya, kuma da suka yi nasara sai fim ɗin ya wanke shi tas.

Baahubali na farko ya fi na biyu a wurina. Abin koyo a cikinsa shi ne yadda aka rufe shi a 2015 da tambaya guda ɗaya, me ya sa amintaccen bawa ya kashe ubangidansa, mutane suka yi ta jira har 2017 kafin su ji amsa. Tambaya ɗaya mai nauyi ta riƙe jama'a shekara biyu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa idan mun zo kan namu.

Sauran na kudancin Indiya da jarumi ɗaya ke naushin mutum hamsin motoci na tashi sama, gaskiya fassarar Hausa ce ke ceton yawancinsu. Masu fassara irin su Algaita sun buɗe wa matan gida da tsofaffi ƙofar da da can a rufe take, wannan a yaba musu. Ƙorafina da wasu masu fassarar shi ne cusa barkwanci a inda bai dace ba, uwa tana kukan ɗanta ya mutu kai kuma kana jefa zaurancen 'yan tasha.

Amurka, Chainis da masu dogon gemu

Titanic na 1997 kowa soyayyar yake tunawa, ni kuwa ba ita ta kama ni ba. Abin da ya tsaya min shi ne talakawan da ke can ƙasan jirgi suna neman hanyar fita ruwa na shigowa, masu kuɗi suna hawa kwale-kwalen ceto. Wannan ɓangaren ya fi soyayyar ƙarfi nesa ba kusa ba.

Fast and Furious na daina bi tun da aka harba mota sararin samaniya. An fara da tseren motoci a titi, abin da mutum zai iya yarda da shi, aka ƙare a inda babu wanda ke mutuwa da gaske, kuma in babu mai mutuwa to tsoron me zan ji wa jarumi. Haka na masu kayan roba da ke ceton duniya duk shekara, kallo ɗaya ya ishe ni. Black Panther na ji daɗin ganin baƙar fata da tufafi irin namu a babban fim, amma Afirka ce kamar yadda ɗan Amurka yake mafarkinta.

Na Chainis na da, a kashe malami, almajiri ya shiga daji ya koyi faɗa, ya dawo ya rama. Labari ɗaya ne ana ta juya shi, amma har gobe ina girmama su saboda jikinsu suke sawa, horo ne na gaske kake gani ba aikin kwamfuta ba.

Idan ana maganar fim ɗin tarihi, Lion of the Desert ne a sama a wurina. Umar Mukhtar, tsoho malamin Alƙur'ani a Libiya, ya yi kusan shekara 20 yana fafatawa da sojan Italiya har suka kama shi suka rataye shi a 1931. Babu wa'azi mai tsawo a ciki, halinsa kawai ake nuna maka, yadda ya hana a kashe fursuna, yadda ya tsaya gaban masu shari'arsa bai roƙi kowa ba. The Message na 1976 shi ma ya nuna cewa ana iya ba da tarihin farkon Musulunci da ladabi, ba a nuna fuskar Manzon Allah (SAW) ba kuma labarin bai ragu da komai ba.

Ertugrul na Turkiyya kuwa, wanda aka yi daga 2014 zuwa 2019, zangon farko da na biyu sun yi armashi, daga nan abu ɗaya ake maimaitawa, munafuki a cikin gida, a gano shi, a sare kansa, wani ya maye gurbinsa. Kuma ina roƙon 'yan uwa su daina ɗaukarsa a matsayin littafin tarihi, abin da aka tabbatar game da mutumin kaɗan ne, mafi yawa ƙirƙirar marubuta ce.

Parasite na Koriya ta Kudu, wanda ya ci kyautar Oscar ta gwarzon fim a 2020 alhali ba da Turanci aka yi shi ba, ya fi ba ni kishi a kan duk waɗanda na lissafa. Gidaje biyu ne kawai, na mai kuɗi a kan tudu, na talaka a rami. Ruwan sama ɗaya ya sauka, matar mai kuɗi tana murna gari ya yi fes, talaka kuma ya kwana a sansanin waɗanda ambaliya ta kora. Wa zai ce ba mu da wannan labarin? Duk damina muna ganinsa a unguwanninmu.

Namu na gida

Tun daga Turmin Danya, fim ɗin da ake cewa da shi Kannywood ta fara, a 1990 zuwa yau an yi nisa, wanda ya ce ba a ci gaba ba bai yi adalci ba. Hoto ya gyaru, sauti ya gyaru, muna da 'yan wasa da za su iya tsayawa ko'ina.

Dadin Kowa na tashar Arewa24 shi ne abin da na fi yabawa, saboda gidajen cikinsa irin namu ne, tabarma da buta da katangar da ta tsage, matsalolin kuma namu ne, shaye-shaye, almajiranci, gudun hijira, zaman kishi. Ka kalla ka ga maƙwabcinka a ciki. Kwana Casa'in ya yi ƙarfin halin taɓa siyasa da cin hanci a lokacin da kowa ke maƙale a soyayya, kuma ya yi kyau musamman a farko. Shirin Labarina ya nuna cewa akwai masu iya rubutu da tsara hoto a cikinmu. Izzar So niyyarsa mai kyau ce kuma jama'a sun karɓe shi hannu biyu, amma nasihar bakin jarumi ta yi yawa, kuma ya yi tsawon da ya wuce labarinsa.

Wannan tsawon shi ne ciwon da ya kama kusan duk masu dogon zango. Dalilin a bayyane yake, kasuwar faifan CD ta mutu, satar fasaha da turi a waya suka kashe ta, yanzu kuɗin yana zuwa ne daga talla da yawan masu kallo a YouTube, saboda haka duk mako sai an saki wani abu ko da babu abin faɗa. Sai ka ga labarin da zai ƙare a kashi 13 an ja shi shekara uku, ana tuna baya, ana maimaita abin da muka riga muka gani, gaisuwa kaɗai ta ci minti biyar. Indiyawan can tambaya ɗaya suka bar wa mutane suka tafi suka yi aiki, mu kuma muna sakin kashi duk mako babu tambayar da ke riƙe mai kallo.

Barkwanci kuwa tun rasuwar Rabilu Musa Ibro a 2014 ban ga wanda ya cike gurbinsa ba. Shi ko bai yi magana ba tafiyarsa da kallonsa sun isa. Da yawa daga na yanzu ihu da zagi suka ɗauka a matsayin ban dariya.

Rawa da waƙa ba na cikin masu cewa a cire gaba ɗaya, amma waƙar da za a cire ta labari bai san an cire ba, me ta zo yi?

Daga kudancin Najeriya, Lionheart na 2018 ya burge ni saboda ya nuna Bahaushe ɗan kasuwa mai mutunci da hankali, ba maigadi mai gurɓataccen Turanci da aka saba nuna mu ba. The Milkmaid na 2020 da aka ɗauka a Taraba, labarin 'yan mata Fulani da 'yan ta'adda suka sace, yana da nauyin kallo ga duk ɗan Arewa maso Gabas, amma ya yi abin da namu suka daɗe suna kauce wa.

"Yi naka mu gani"

Wannan ita ce maganar da aka fi rufe wa mutum baki da ita, kuma ita ce mafi rauni. Ba sai na iya tuyar masa ba kafin in san ta ƙone ko cikinta bai nuna ba, kuma mai masar da ta ce min "soya taka mu gani" gobe ba za ta gan ni ba. Fim don mai kallo aka yi shi. In ra'ayinsa ba shi da daraja lokacin da ya kushe, to yabonsa ma ba shi da daraja, sai a daina roƙonsa ya danna ya bi tasha ya tura wa 'yan uwa.

Maganar hassada kuma, ɗan makarantar da ke shan shayi a Bauchi hassadar me zai yi wa furodusan da bai taɓa gani ba? Akwai hassada a tsakanin 'yan fim su da kansu, wannan su suka sani, amma kar a shafa wa mai kallo.

"Ai faɗakarwa suke yi"

Da zarar ka ce fim bai yi kyau ba sai a ce amma ai akwai darasi a ciki. To darasi daban, iya aiki daban. Idan nasiha nake so zalla, malamai sun cika gari, ga tafsiri ga karatun littattafai a masallatai, kuma sun fi kowane jarumi sanin abin da suke faɗa. Aikin fim ya sa in ji abin a jikina, in ga mugun hali yana cin mai shi a hankali har in tsorata, ba a tsayar da labari a juyo ana min lacca ba. Kuma abin da ke ƙona min rai, wani fim ɗin awa biyu yana ƙawata dukiyar haram da manyan motoci da gidajen bene, sai minti uku na ƙarshe 'yan sanda su zo a ce an faɗakar. Yaron da ya kalla motocin zai tuna, ba kamun ba.

Hukumar tace finafinai ta Kano da aka kafa a 2001 tana duba tarbiyya da sutura da abin da ya saɓa wa addini da al'ada, wannan hurumin ta ne. Amma babu hukumar da za ta hana fim fita don yana da gundura. Wannan aikin mai kallo ne, in shi ma aka hana shi magana to babu mai yi.

"Abincinsu ne"

Wannan ƙorafin ina jin nauyinsa, don gaskiya ne bayan kowane fim akwai mai kamara, mai haske, mai kwalliya, direba, mai dafa abinci a lokeshan, duk da iyalansu. Kuma akwai bambanci babba tsakanin sharhi da cin mutunci. Wanda ya bar fim ya koma zagin jaruma, yana tono aurenta da iyayenta da jikinta, wannan ba sharhi yake yi ba, rashin tarbiyya ne kuma ba na tare da shi ko kaɗan. Haka wanda bai kalla ba, tirela kawai ya gani ya yanke hukunci. Sharaɗina ɗaya ne, ka kalla, sannan ka faɗi dalili ko da layi ɗaya ne. "Bai yi ba" kaɗai ba ta amfanar kowa, amma "bai yi ba saboda an ja shi da yawa" magana ce da darakta zai iya aiki da ita.

Sai dai a duba da kyau wa ke kare abincin nasu. Mai yabon ƙarya ranar da ya gaji ba sallama zai yi ba, zai koma kallon Indiya-Hausa da na Turkiyya ne shiru, kuma da yawa sun riga sun koma. Wanda ya tsaya yana ƙorafi shi ne wanda bai tafi ba tukuna. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

"Babu kuɗi"

E, babu kuɗi, babu gidajen silima na kirki a yawancin garuruwanmu, masu zuba jari suna tsoro. Duk na yarda. Kuɗi ne ke sayen kamara da jirgi mara matuƙi da hayar gida. Amma ba rashin kuɗi ne ke sa marubuci ya manta cewa wanda ya kashe a kashi na 10 ya dawo a na 30 babu bayani ba. Ba rashin kuɗi ne ke sa a nuna likita yana duba mara lafiya ta hanyar da ko ɗan koyo a asibiti zai yi dariya ba, ko a yi zaman kotu da babu lauyan da zai gane ta. Tambaya kawai ake buƙata, kuma likitoci da lauyoyi suna nan cikin 'yan uwanmu.

Mu a nan muna da hujjar da ta fi ta kowa. Shaihu Umar littafin Abubakar Tafawa Balewa ne, wanda kabarinsa ke cikin garin nan, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976 da kayan aikin wancan zamani, labarin bauta da uwar da ta ratsa sahara tana neman ɗanta. Bayan shekara sama da 40 aka gyara shi aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018. Labarin ne ya kai shi can.

Kuma irin labaran nan ba su ƙare ba. Ga Burmi a ƙasar Gombe, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya tsaya da jama'arsa suka fuskanci Turawa a 1903 har ya yi shahada. Ga malaman da suka baro ƙasar Kano a tsakiyar ƙarni na 19 suka shige duwatsun Ningi suka gagari sarakuna shekara da shekaru. Ga rayuwar Sa'adu Zungur, marubucin waƙoƙi kuma ɗan gwagwarmayar siyasa na Bauchi. Muna zaune muna tafa wa Turkawa a kan tarihin da rabinsa ƙirƙira ne, namu na gaske yana kwance. In yaƙi ya yi tsada, to ga labarin manomin da makiyayi maƙwabcinsa ne tun kakanni, ga matar da ta baro Borno da 'ya'ya huɗu ta fara rayuwa daga tushe a Gombe, ga ɗan acaɓan da ke biyan kuɗin makarantar ƙannensa, waɗannan ɗaki biyu da tsakar gida sun ishe su.

Ali Nuhu, wanda asalin mahaifinsa daga Balanga ne a jihar Gombe, shi aka naɗa shugaban hukumar finafinai ta ƙasa da ke Jos a 2024, ga Jos ɗin nan kusa da mu. Matasanmu na Bauchi da Gombe da Azare da ke ɗaukar gajerun finafinai da waya da ƙananan kamarori su daina kwaikwayon falon Kano da labarin ɗan mai kuɗi ya so 'yar talaka, su nemi horo a kan rubutun labari, su rubuta ƙarshen fim kafin su ɗauki farkonsa, sannan in sun sake shi su bar masu kallo su faɗi abin da suka gani ba tare da an tura musu 'yan kore ba.